Tarin 'Yata a Gidan Sojan Ƙarƙashin Teku

Mijina ya rasu a nan Makka, a wurin aikin gini, ya bar ni da yarinya guda 'yar shekara takwas. Ɗakin da muke ciki a unguwar Misfala na waɗanda yake yi wa aiki ne, don haka ina fita takaba aka ce in kwashe kayana. Tun ranar sadakar uku wan mijina ya fara bugo mini waya daga gida. Ba ya faɗa, ba ya zagi, mutum ne mai kunya. Magana ɗaya yake maimaitawa: yarinya tasu ce, a turo ta ta tashi cikin 'yan'uwanta, mace ita kaɗai a ƙasar mutane ba za ta iya riƙon ɗa ba. Ni kuwa na binne biyu kafin ita. Sai in ce masa, "To Yaya, a dai ƙara mini haƙuri," in ajiye waya, in je inda take wasa in zauna kusa da ita.

Wata 'yar garinmu mai sayar da abinci ita ta haɗa ni da wani gida a unguwar Rusaifa. Matar gidan asalinta Bahaushiya ce, kakanninta ne suka zo da ƙafa, ita a nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci. Mijinta ba Balarabe ba ne, ba kuma namu ba, mutumin wata ƙasa ne can gabas. Injiniya ne, in ya fita da safe ba mu ƙara ganinsa sai ya kwana ya tashi. Mai kula da mahaifinsa suke nema.

Ranar da na je, Hajiya ba ta tambaye ni ko na iya girki ba. Cewa ta yi in taka daga ƙofar falo zuwa kicin in dawo. Na ɗauka ɗingishi take dubawa, ashe ƙarar ƙafata take saurare.

"Ma sha Allah, ba ki da motsi. Murya ma ba ki da ita," in ji ta. Sai ta nuna yarinyar da haɓa. "Wannan fa?"

"'Yata ce, Hajiya. Ba ni da inda zan ajiye ta."

"Ni shagala na nema, 'yar aiki, ban nemi shagala mai wutsiya ba."

"Ba ta da ƙiriniya, wallahi."

"Kowace uwa haka take cewa. To saurara da kyau, ya Hajja. Ta zauna. Amma ranar da Ammi ya ji motsinta a lokacin da ba a son jin kowa, khalas, ranar za ki nemi inda za ki kai ta."

Ammi take kiran surukinta. Na ce na yarda, alhali ban san wane lokaci ne take nufi ba.

Tsohon ya haura tamanin. Ciwon suga ya cinye masa ido, haske da duhu kawai yake bambancewa. Amma kunne, ban taɓa ganin irin nasa ba. Yana kwance a ɗakinsa zai gaya miki motar ruwa ce ta shigo layi ko ta gas, zai gaya miki famfon banɗakin baƙi yana ɗiga. Ranar farko da na shiga masa da tire, yarinyar na bayana, ya juyo da kai ya ce da gurgun Larabcinsa, "Mutum biyu. Babba ba takalmi. Ƙarama tana jan ƙafar hagu." Haka ne kuwa, takalmin nata na hagu ya buɗe.

Ashe saurare sana'arsa ce. Da ƙuruciya sojan ruwa ne a ƙasarsu, kuma lokacin da suka yi yaƙi da maƙwabtansu yana cikin jirgin nan da ke nutsewa ya yi tafiya a ƙarƙashin teku, wanda Larabawa ke kira gawwasa. Jirgin ba shi da taga. Wanda ke ciki ba ya ganin komai, don haka akwai mutum guda da ake zaunarwa, a sa masa abin ji a kunne, ya saurari ruwa ya faɗi abin da ke wucewa a sama. Shi ne wannan mutumin. Su ma abokan gaba suna da nasu masu sauraren a kan jiragensu, suna neman motsin na ƙasa. In suka ji ko faɗuwar cokali ne, sai su jefo gangunan bam su fashe cikin ruwa. Shi ya sa in aka ba da umarnin shiru a jirgin, komai yakan tsaya. A kashe inji, a kashe fanka, a cire takalma, kowa ya daskare a inda yake har sai shugaban jirgi ya ce an wuce.

Wannan shirun ne ya biyo shi har Rusaifa. Yana da zoben azurfa a yatsa. In abin ya motsa masa, sai ya buga zoben a ƙarfen gado sau uku. Daga nan duk wanda ke gidan zai tsaya. A kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a rufe famfo, a sauke tukunya, ba a buɗe ƙofa, ba a rufewa. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci ya fi awa. In ya gamsu, ya buga sau ɗaya, sai rayuwa ta ci gaba.

Da farko na ɗauka shagwaɓar tsufa ce ake biye wa. Daga baya Hajiya ta gaya mini cewa kafin zuwana wayarta ta taɓa yin ƙara a tsakiyar shirun. Tsohon ya diro daga gado yana lalube, yana neman abin ya kashe, ya faɗi ya karya hannu. Mijinta ya yi wata guda bai ci abincinta ba. To ita ma a tsorace take zaune, kuma tsoron nata a kaina yake sauka.

In ba abin ya zo masa ba, mutum ne mai hira. Larabcinsa gurgu, nawa gurgu, sai mu haɗu a tsakiya. In mun maƙale yarinyar ta fitar da mu, don ita tana zuwa makarantar Alƙur'ani da safe, bakinta ya fi nawa faɗawa. Yana sonta, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Yakan ɓoye mata dabino a ƙarƙashin matashi, ta karanta masa ƙananan surori yana gyara mata.

Ya ba mu labarin jirgin ina ba shi abinci a baki. Ya ce gadaje ba su isa ba, mutum yakan kwanta a inda wani ya tashi, da ɗuminsa da warin jikinsa. Burodi yakan yi kore, a kankare a ci. Ruwa a sama, ruwa a ƙasa, amma babu na alwala, sai su yi taimama a kan buhun shinkafa. Alƙibla kuwa sai sun tambayi mai riƙe da taswira, kafin a kai raka'a ta biyu jirgin ya juya. In suka daɗe a ƙasa, iska takan mutu, har a kyasta ashana ta ƙi kamawa. Wannan duk na saurara kamar tatsuniya.

Akwai ranar da ya ba mu wanda ba tatsuniya ba. Ya ce sun taɓa samun wani babban jirgin abokan gaba, shi ya ji shi, shi ya faɗi inda yake, aka sakar masa makami. Sauran mutanen jirginsu ƙarar fashewa kawai suka ji suka rungume juna. Shi kuwa abin jin yana kunnensa, ya bi jirgin har ƙasa. Ya ce ƙarfe yana kuka in ruwa na matse shi, kamar ana tattake gwangwanaye. Bayan ƙarfen ya yi shiru, sai ya ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki. An daɗe ana yi.

"Wa ke ƙwanƙwasawa, Baba?" yarinyar ta tambaye shi.

"Waɗanda aka rufe a ciki," ya ce, sannan ya buɗe baki yana jiran loma. "Miyar nan gishiri ya yi kaɗan, ya Hajja."

An ba shi lambar yabo a kan wannan. Tana cikin wani ɗan akwati a durowa, nakan goge ta ranar Alhamis.

Mun yi wata bakwai lafiya. In zobe ya buga sau uku, yarinyar takan daskare kamar an dasa ta, har abin yakan ba ta dariya, sai ta toshe baki. Sai aka fara fasa dutsen da ke bayan gidan za a yi dogon bene. Aka kawo wata na'ura mai bakin ƙarfe tana saran dutse tun safe, wani lokaci kuma a saka abin fashewa har kwanuka su motsa. Abu biyu suka zo mana tare. Shirun da a da yake zuwa sau ɗaya a mako ya koma sau biyu a yini. Farar ƙurar dutsen kuma ta shiga ƙirjin yarinyar, ta fara tari.

Busasshen tari ne, mai zuwa a jere, in ya kama ta sai idonta ya kawo ruwa. Na ba ta zuma da habbatus sauda, na dafa mata citta da kanumfari. Da ya ƙi tafiya na samu Hajiya a kicin.

"Hajiya, ko za a taimaka a kai ta asibiti a duba ƙirjin nan?"

"Asibiti don tari? Ke kam! Duk Makka waye ba ya tari?" Ta ci gaba da yanka tumatir. "Amma ina gaya miki, jiya saura kaɗan. Yana buga na ƙarshe ta fara. In ba za ki iya da ita ba, ki tura ta wajen baffanta mana, ai can iska ta fi kyau. Ba shi yake ta nema ba?"

Daga ranar ban ƙara ambaton tarin ba. Na koma ɓoye shi. Na koya mata ta sa kanumfari a baki, ta haɗiye yawu in ta ji yana tahowa, ta riƙe numfashi ta ƙirga har goma. Na ba ta tawul ta ninka huɗu ta riƙa yi a ciki. Na mayar mata da abin wasa, na ce mu kifaye ne, kifi ba ya tari. Ita kuwa yarinya ce mai son ta burge ni. Takan zo ta raɗa mini, "Inna, yau na haɗiye bakwai." Ni kuma in shafa kanta in ce Allah Ya yi mata albarka. Da bakina na faɗa, sau da yawa.

Ranar da abin ya faru Hajiya na da baƙi bayan la'asar. An goge falo, ta ce kada yarinyar ta taka ko'ina, don haka na shigar da ita ɗakin tsohon. Tana zaune a ƙasa tana jera 'ya'yan dabino, ni ina yanke masa farce. Sai ga Hajiya da kaskon turaren wuta, tana bi ɗaki ɗaki kamar yadda ake yi in za a yi baƙi. Ta shigo, ta tura ƙofa da ƙafa ta rufe, ta ƙara turare a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe. Daidai nan aka fasa dutse. Gilashin taga ya yi rawa.

Zobe ya buga sau uku.

Na miƙa hannu na kashe mukayyif. Hajiya ta tsaya a jikin ƙofa da kasko a hannu, ba halin ajiyewa, ba halin fita. Taga a rufe. Zafin Makka ba ya jira, kafin a ce me ɗakin ya zama tanda, hayaƙin kuma ba shi da mafita, ya taru a sama ya fara saukowa. Tsohon ya tashi zaune, ya dafe kunnuwansa da tafin hannu, leɓensa na motsi yana ƙirga wani abu da yarensu. A waje na'urar na ta sara, kowane sara sai ya ƙanƙame kafaɗa.

Na dubi yarinyar. Ta riga ta fara. Kafaɗunta na ɗagawa, ta cije leɓe, tana haɗiya. Tawul ɗinta yana ɗakinmu. Ta haɗiye na farko, ta haɗiye na biyu, hawaye na bin kumatunta, ta ɗago ta dube ni, tana nuna mini cewa na uku ya fi ƙarfinta. Na dubi Hajiya. Ido kawai ta zuba mini, ta mayar kan yarinyar, ta mayar kan ƙofa. Na gane.

Na jawo ta jikina na sa tafin hannu a bakinta. Tarin ya fashe a cikin hannuna, na ji ɗuminsa, amma wani ɗan sauti ya fita ta hanci. Kan tsohon ya juyo wajenmu. Sai na cusa fuskarta a cikina, na tattaro hijabina na naɗe kanta, na danna da hannu biyu.

Ta yi ƙoƙarin ɗagowa, na ƙara dannawa. Ta yakushi damtsena. Ƙafafunta suka fara shure-shure a kan kafet, na sa nawa ƙafafun na maƙale su. A zuciyata ina ce mata, yi haƙuri, saura kaɗan, yi haƙuri, in ya ji raba mu za a yi. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina ba tare da sauti ba. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai ta daina. Jikinta ya yi laushi, hannunta ya sauka daga damtsena.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da ta daina, daɗi na ji. Na ce a raina, yauwa, ta samu kanta, tarin ya wuce. Ban sake ta ba. Na ci gaba da riƙe ta a haka, ina jiran zobe.

Da ya buga sau ɗaya na buɗe hijabin. Ta sulale ƙasa kamar zane. Leɓenta ya yi toka, ta jiƙa wandonta. Na kira ta ba ta amsa ba. Hajiya ta ajiye kasko ta buɗe ƙofa da taga, ta ɗauko gorar zamzam da ke gefen gado ta tuttule mata a fuska. Na girgiza ta, na bubbuga bayanta, na hura mata iska a baki yadda na taɓa ganin ungozoma ta yi wa jariri. Sai ta ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan ƙofar da ta yi tsatsa, tarin ya ɓarke, ta yi ta yi har ta yi amai.

Tsohon kuwa ya wartsake, fuskarsa fes, kamar wanda ya tashi daga barci mai daɗi.

"Akwai mai tari," ya ce. "Na ji. Wa ya riƙe?"

Ya juyo da kai wajenmu. Ya sake tambaya.

"Ni ce, Baba."

"Kawo hannunki."

Na miƙa masa. Ya lalubi tafin, ya matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. "Hannu mai kyau. Da kina jirginmu da kin yi amfani." Ya yi 'yar dariya. Sai ya ce su ma sun taɓa yin mai tari. Wani mai kula da inji ne, magidanci, 'ya'yansa uku, mutumin kan duwatsu wanda iskar jirgin ba ta karɓe shi ba. Bayan sun nutsar da jirgin nan an bi su, an yi yini ana jefo musu bam, an ba da umarnin shiru, shi kuwa tari ya kama shi. Mutum uku suka tashi. Ya faɗi abin da suka rufe shi da shi, wata kalma da ban sani ba. Na ce, "Da me, Baba?"

Daga ƙasa, inda take kwance, yarinyar ta ce da dusasshiyar murya, "Bargo, Inna. Ya ce bargo."

Ya ci gaba, ita kuma tana ji, ta ma fi ni ji. Ya ce shi bai tashi daga kujerarsa ba, aikinsa saurare ne, amma ya ji dugadugan mutumin na goga a ƙasa har suka daina. Sun ajiye shi a ɗakin sanyi tare da nama har suka kai gida. Aka rubuta wa matarsa cewa abokan gaba ne suka kashe shi, ya yi shahada.

"Mutum ɗaya, ko jirgi duka," ya ce. "Haka ake yi. Ke kin yi sa'a, taki ta dawo." Ya laluba ƙarƙashin matashi ya fito da dabino ya miƙa saitin inda yake jin numfashinta. "Karɓi, ƙaramar soja."

Ba ta karɓa ba. Hajiya ce ta karɓa ta sa mata a hannu. Sannan Hajiyar ta yi dariya.

"Alhamdu lillah, bai faɗi ba, bai ji ciwo ba. Wallahi ya Hajja ban san haka kike ba. Khalas, ta zauna, ko ta shekara goma ba ruwana. Yalla, a goge wurin nan, baƙi sun kusa."

Na goge aman, na wanke yarinyar, na canza mata kaya, na je na kai wa baƙi gahawa da dabino. Wata daga cikinsu ta ce ƙamshin gidan ya yi daɗi.

Washegari Hajiya da kanta ta sa aka kai yarinyar asibiti. Suka ce asma ce, suka ba da abin shaƙa, cikin mako guda tarin ya lafa. Abin da aka hana ni da farko ke nan. Hajiya ta saya mata riga mai furanni. Na samu abin da nake so, babu mai sake maganar a tura ta.

Sai dai yarinyar ta canza mini. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta taɓa tayar da zancen ba. In na aike ta tana zuwa, in na kira ta tana amsawa. Amma ta janye katifarta zuwa ɗaya bangon. In na zaunar da ita zan yi mata kitso, wuyanta yakan sandare, sai na gama take sakin numfashi. In na ɗaga hannu zan ɗauko abu a saman kanta, sai ta kauce. Wata rana na zauna na ce mata, "Kin san don kada a raba mu na yi, ko?" Ta ce, "Na sani, Inna." Ta ci gaba da ninke kayanta.

Da watan Rajab ya kama, wan mijina ya zo Umra da matarsa, suka sauka a wani masauki a Misfala. Na nemi izini ranar Juma'a muka je gaishe su. Na kai musu tuwo da miyar kuka, don na san sun gaji da shinkafa. Aka ci, aka yi wa mamaci addu'a, matarsa ta ja yarinyar jikinta tana cewa ga hancin ubanta sak. Na san maganar na zuwa, na shirya amsata tun a mota.

"To, amaryarmu," ya ce, haka yake kirana tun ranar da aka kawo ni gidansu, "har yanzu dai kina nan kan bakanki?"

"Yaya, ai yanzu mun samu wuri. Mutanen kirki ne, tana makaranta, ga..."

"Baffa, zan bi ka."

Duk muka juya. Tana zaune a gefen matarsa, idonta a kan kwano.

Ya yi dariya, ya ɗauka zancen yara ne. "Ke, ki bar Makka ki bi ni ƙauye? Can ba mukayyif fa, sai mafici."

"Zan bi ka."

Sai ya daina dariya. Ya dube ta, ya dube ni. "Wani abu aka yi miki a gidan?"

Na jira. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kai.

"Ba komai, Baffa. So nake kawai."

Da ta faɗa masa, da wataƙila na samu bakin magana, in yi kuka, in roƙi gafara a gabansu. Ta rufa mini asiri, ta bar ni ba abin cewa. Ya ce, "To kin ji, ba ni na ce ba." Na ce na ji.

An ɗauki kwana tara ana gyara takardunta. Na haɗa mata kaya, na sa abin shaƙarta guda biyu, na rubuta wa matar baffan yadda ake amfani da shi da ɗan rubutuna na ajin yaƙi da jahilci, harafi manya manya don kada a yi kuskure. Ranar tafiya na raka su inda motar Jidda ke ɗaukar mutane. Hijabinta ya karkace, na miƙa hannu zan gyara mata a ƙarƙashin haɓa, ta ɗauke numfashi ta tsaya ƙiƙam tana jira in gama. Na janye hannuna. Matar baffan ce ta gyara. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Inna, sai wata rana, a yafe mini," yadda aka koya mata. Na ce na yafe, Allah Ya tsare hanya. Na koma Rusaifa da sauri don lokacin maganin tsohon ya yi.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya, ni na kula da shi har ƙarshe. Sau ɗaya ya tambayi inda ƙaramar take, na ce ta tafi gida. Ya ce gidan ya fi lafiya haka.

Yanzu ta zama budurwa. Matar baffanta ta ce duk gidan ba wanda ya kai ta surutu, in tana dariya har maƙwabta ake ji. Ni ban san wannan muryar ba. In na buga waya aka ba ta, takan gaishe ni da ladabi, ta ce lafiya lau, makaranta lafiya lau, kowa lafiya lau, ga Baffa.

Bara Hajiya ta yi mini alheri, ta ce mijinta zai nemo wa yarinyar bizar Umra ta zo ta yi azumi tare da ni. Na wanke ɗakin, na sayi katifa sabuwa, na buga waya na faɗa wa baffan. Bayan kwana biyu ya kira ni, yana ta kame-kame, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Amaryarmu, ta ce a gode miki ƙwarai. Ta ce ita ai ta ga Makka. Wai in ba damuwa, a ba 'yar wajena kujerar, ita ba ta taɓa zuwa ba."

Na ce ba damuwa, a turo ta. Ta zo, yarinya ce mai hankali, na kai ta ko'ina.